Kunkuru da Kujera Mai Sanyi

Ga ta nan, ga ta nan gare ku.

Ta zo mu sha daɗinta.

Kura ce ta buɗe kamfanin manhajar waya, ta ɗauki Kunkuru da Kaza aiki. Da yake ba ta san kan kwamfuta ba, kullum da magariba sai ta bi tana taɓa kujeru. Wanda ta ji tasa da ɗumi, shi ne ma'aikaci.

Kunkuru yakan gama aikinsa da la'asar, ya tafi jinyar tsohuwarsa. Kaza kuwa kwancin ƙwai take yi a kujerarta.

Kura ta ce, "Malam Kunkuru, kujerarka sanyi ƙalau. Tattara kayanka."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, a duba aikin mana."

Ta ce, "Na duba kujera."

Ya tafi ransa a ɓace. Bayan kwana uku manhajar ta tsaya cak, jama'a suka cika ƙofar kamfani. Kura ta ce Kaza ta gyara.

Kaza ta ce, "Hajiya, ni zama aka ce in yi."

Kura ta taka har gidan Kunkuru, ta tarar yana dama wa tsohuwa kunu. Ya ce, "Zan dawo, amma da la'asar zan riƙa tashi. Jira ta gama sha tukuna."

Kura ta nemi wuri ta zauna.

Ƙurunƙus kan kusu, tatsuniya ta koma gida.