Tukunyar Irin Babana

Ina da shekara bakwai na fara haɗuwa da Iya Shamuwa. Ranar nan babana ya ɗora ni a kafaɗarsa, ya kai ni gindin tsamiyar da ke bayan gidanmu, ya ɗaga kai ya ce, "Sannunku da hanya, mutanen kudu. Ina kuka baro ruwa?"

Wata tsuntsuwa baƙa mai farin ƙirji ta leƙo daga sheƙarta ta ce, "Yana biye da mu, Na-Dawa. Ka gyara sunguminka."

Na ƙanƙame hularsa don tsoro. Ya yi dariya ya ce, "Marka, gaishe da Iya mana. Ta girme ki, ta kuma fi ki ganin duniya."

Na-Dawa ake ce wa babana, don ba ya iya wuni a cikin gari. In ya je birni cin kasuwa, sai ya dawo yana mita, wai sararin samaniyarsu ɗan ƙarami ne. A bakin gona yakan tuɓe takalmansa kamar mai shiga masallaci. Yakan damƙi ƙasa ya shinshina, ya faɗa mini abin da za ta karɓa bana. Akwai wani gero mai gashi da ya gada daga kakana, wanda babu mai irinsa a ƙasarmu. Kowace kaka, kafin a sa wuƙa a gona, yakan bi kunya-kunya yana zaɓar zangarniyar da ta fi cika. Ya sussuke, ya gauraya da toka, ya zuba a tukunya, ya liƙe bakinta da yumɓu har ruwa ya sauka.

Shekarar da ya rasu, ya liƙe tukunyar da kwana tara ya kwanta. Shaidar yatsunsa biyar ta bushe a kan yumɓun. Na ɗauke ta na sa a ƙarƙashin gadona. Duk safiya nakan jawo ta in ɗora yatsuna cikin gurbin nasa.

Baffana, ƙanensa, shi ya ci gaba da noma gonar. Damina uku yana zuwa yana cewa, "Marka, ba ni irin nan in zuba." Ni kuwa ina cewa, "Baffa, ka yi haƙuri, sai baɗi." Sai ya girgiza kai ya tafi ya shuka na kowa da kowa.

Da bazara ta huɗu ta zo, wata rana da hantsi ina zaune a gindin tsamiya da ɗan littafina, sai na ji an ce, "'Yar Na-Dawa, yanzu ba ki gaisuwa?"

Na ce, "Iya, sannu da hanya. Hankalina ne ba ya jikina."

Ta ce, "Na ratso ta kan gonarku, ban ga karan mai gashi ba. 'Yan tsuntsayen nan masu cin hatsi har biki suka yi, wai an daina shuka abin da ke tsokane musu ido. Ni ba ruwana, fara nake ci. Amma ina irin?"

Na faɗa mata gaskiya. Na ce in na fasa yumɓun, hannun babana na fasa.

Ta gyara tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ta ce, "Ina jin tsoro kada ki yi irin ta Gwadabe da jirgin ubansa."

Na ce, "Wane ne shi, Iya, me kuma ya same shi?"

Ta ce:

A hanyarmu ta kudu akwai wani babban kogi, a bakinsa akwai wani mai fito, wanda ya shekara talatin yana haye da mutane a jirgin da ya sassaƙa da hannunsa. Da ya rasu, ɗansa Gwadabe ya dubi wurin da gwiwar tsohon ta goge itacen har ya yi santsi, ya ce ba mai ƙara taka jirgin nan. Ya jawo shi tudu, ya yi masa rumfa, kullum yana share shi da gefen rigarsa.

Wata rana Malam Cindo, tsohon masassaƙi abokin ubansa, ya biyo ta wurin. Ya ƙwanƙwasa cikin jirgin da sanda, ya saurara, ya ce, "Kai ɗan nan, jirgi ka ajiye ko amarya? Mai da shi ruwa, ƙishirwa yake ji."

Gwadabe ya ce, "Baba, ruwa zai cinye mini shi."

Malam Cindo ya zauna a bakin rumfar ya ce, "To, bari in ba ka labarin Kuluwa, don na sha ruwan rijiyarta tun ina saurayi."

Gwadabe ya ce, "Ina sauraro, Baba."

Ya ce, "Kuluwa matar wani mai haƙar rijiya ce. Rijiyar ƙarshe da ya haƙa a ƙofar gidansu take, ruwanta garau, har daga wasu unguwanni ake zuwa ja. Da ya rasu, Kuluwa ta kasa jure ganin guga yana kai-da-kawo kamar ba a yi rashi ba. Ta sa aka rufe bakin da itace, aka ɗora dutse. Ta ce ruwan da mijinta ya tono ba za a ƙarar da shi a wanke-wanke ba. Bayan shekara biyu kewa ta dame ta, ta ce bari ta ɗanɗani ko kurɓi ɗaya. Aka ɗage dutsen, aka zura guga. Abin da ya fito baƙi ne, yana wari, ko akuya ta ƙi shi. Ta zauna tana kuka, tana cewa wa ya ɓata mata ruwan mijinta. Maƙwabciyarta ta ce, 'Yaya, ba mai shiga. Ja ne yake sa sabo ya ɓuɓɓugo, ke kuma kin hana ja.' Ita dai Allah ya taimake ta, aka yashe rijiyar ta dawo. Amma kai, Gwadabe, itace in ya tsage ba a yashe shi."

Gwadabe ya yi godiya, ya raka tsohon har bakin hanya, ya dawo ya ƙara wa rumfa ciyawa. Da damina ta uku kogi ya yi ambaliya, ya nufo gidaje. Gwadabe ya tura jirgin ubansa don ya kwashe iyalinsa. Ko tsawon igiya bai yi ba, ruwa ya shigo ta tsaga bakwai. Maƙwabta suka tsamo su a nasu jiragen, waɗanda ba su taɓa kwana a tudu ba. Ni da idona na gan shi zaune a kan tudu, rungume da filafilin tuƙi, abin da ya rage masa ke nan.

Iya Shamuwa ta dube ni ta ce, "Shi ya ji labari ya yi godiya. Ke ma godiyar za ki yi?"

Idona ya cika. Na ce, "Iya, in na shuka ruwa ya ɗauke fa? In fara ta cinye? Sai in tashi ba yumɓu, ba iri."

Ta ce, "Zai yiwu, ba zan ruɗe ki ba. Ubanki ma da wannan tsoron yake fasa tukunya kowace shekara. Amma ki gaya mini, ƙwayar da ke ciki ita ce kakanki ya ba shi?"

Na girgiza kai.

Ta ce, "Waccan ta shiga ƙasa tun ba a haife ki ba. Sau arba'in yana binne kyautar ubansa, sau arba'in tana dawo masa. Ni ma ba ni ce na fara gaisawa da kakanki ba, uwar uwata ce. Ki ɗebi ƙwaya ashirin ki sa a jiƙaƙƙen tsumma. Su za su gaya miki sauran kwanan da ya rage."

Na shiga ɗaki na jawo tukunyar. Na daɗe da yatsuna cikin gurbin nasa. Sannan na sa bakin wuƙa a hankali. Yumɓun ya rabu gida uku, ƙamshin toka da kaka ya bugi hancina, na ji kamar yanzu babana ya shigo daga gona yana neman ruwan sha. Gutsuren da ke da babban yatsansa na ƙulle a bakin zanena.

Bayan kwana uku na buɗe tsumman a gindin tsamiya. Na ƙirga sau biyu. Shida ne suka fito da ɗan farin tsiro.

Iya Shamuwa ta leƙo ta ce, "Da bara ne, da sun fi goma. In kika kai baɗi, ba na ce ko ɗaya za ta fito ba."

Da la'asar gabas ta haɗa gira, iska ta kawo ƙamshin ruwa. Na aika wa Baffa cewa gobe ya fito da sungumi, ni zan bi bayansa ina zubawa ina rufewa da diddige. Na ɗauki tukunyar na tafi gona. A bakinta na tuɓe takalmana. Na damƙi ƙasa na shinshina, ban gane abin da take cewa ba tukuna. Na ɗaga murya, yadda babana yakan yi in yana kirana daga can ƙarshen kunya, na ce:

"Baba, na yi latti, ka yafe mini. Gobe zan binne shi duka, ba zan rage ko ƙwaya ba. In Allah ya kai mu kaka, ni zan zaɓi zangarniya, ni zan liƙe tukunya, in ruwa ya sauka kuma in fasa ta da hannuna."