Kubewar da Ta Ƙare a Hannun Tahira

Akwai wata mata a unguwar Zariya, nan cikin Maradi, ana ce da ita Tahira. Mijinta Inusa tela ne a Sabon Gari, ɗinkin ma yanzu sai ranar da Allah ya kawo. Gidansu na ƙasa ne, ɗaki biyu da 'yar farfajiya. Bayan ɗakin akwai ɗan fili tsakaninsa da katanga, nan Tahira take lambunta.

Lambun ba wani babba ba ne. Kubewar da ke cikinsa ce ta sa aka san shi.

Gajera ce, mai kauri, jikinta da ja-ja kamar an sa mata lalle. Ko kaɗan aka yanka a tukunya sai miya ta yi yauƙi har ludayi ya riƙa jan zare. In aka shanya ta kuma ba ta yin baƙi, ƙamshinta na nan har damina ta zagayo. Ba a samun ta a kasuwa. Tahira ta gaje ta daga mahaifiyarta, marigayiya Inna Rahmatu ta Tsibiri, ita ma daga tata uwar ta samo.

Inna Rahmatu tana da ƙa'ida a kan iri. Duk kaka, in kubewa ta tsufa a jikin uwarta ta bushe har ta fara tsagewa, sai ta ɓare ta, ta kasa irin kashi uku. Kashi ɗaya na shuka ne. Kashi ɗaya ta gauraya da toka, ta zuba a gora, ta toshe bakin da tsumma ta rataye. Kashi na uku ta ƙuƙƙulle a ƙyalle ta raba wa maƙwabta, ko sun roƙa ko ba su roƙa ba. Kullum maganarta ita ce: "Ɗaya ƙasa, ɗaya gora, ɗaya gidan mutane."

Ranar da za a kai Tahira ɗakin miji, gorar nan na cikin kayanta, kuma an maimaita mata maganar a kunne.

Tahira ta riƙe biyu, ta yar da na ukun.

Kada ku ce marowaciya ce. In kubewa ta yi, takan cika kwano da ɗanya ta aika gida-gida. Amma sai matasa take tsinka, masu taushi, waɗanda 'ya'yan cikinsu ba su nuna ba. Waɗanda ta bari don iri kuwa, ɗaure su take da tsumma a jikin uwar, ba mai taɓawa. Tana jin daɗin a ci a yaba, a ce duk unguwa babu miya irin ta gidan Tahira. Ba ta son ranar da za a ci irin wannan miya a wani gida ba tare da an ambaci sunanta ba. Har daga Tsibiri an taɓa aiko mata ana neman iri, ta ce wa ɗan aike bana bai yi ba. Alhali gorar cike take.

Katanga ɗaya ta raba ta da Atika, wata bazawara mai sayar da ƙuli-ƙuli. Atika ba ta da fili, sai ta tara fasassun bokitai da tsofaffin tayoyi da buhunan siminti, ta cika da ƙasa da kashin awaki. Ciki take shuka yakuwa, rama, ɗan barkono, da kubewarta doguwa siririya wadda ba ta da wani suna. Ita kuma duk wadda ta shigo ta ce tana son iri, kafin ta rufe baki an ƙulla mata.

Da la'asar matan layin kan taru a ƙofar Atika, kowa da aikinta a hannu, wata na tsinkar zogale, wata na ɓarar gyaɗa. A 'yan shekarun nan hirar tasu ba ta wuce abu biyu: sama da kasuwa. Wannan ta ce tattasai ya zama kayan masu kuɗi, yanzu sai dai a leƙa shi a wuce. Waccan ta ce albasa guda take yanka wa tukunya uku. Sauda, wadda ta fi kowa barkwanci, ta ce ita ta daina gaisawa da mai tumatir, don ko gaisuwar tasa ta ƙara kuɗi. Aka yi dariya, amma dariyar ba ta da ƙarfi. Aka koma kan faktir, wato takardar kuɗin ruwa, da takin zamani da ba ya sayuwa, da irin leda na shago wanda in ka shuka bana, baɗi sai ka koma ka sake saya. Kowa ta yarda cewa ɗan abin da ake shukawa a gida shi ne ke rufa asirin tukunya.

A irin wannan zama ne Atika ta dubi Tahira ta ce, "Yaya Tahira, bana dai ki ɗan sam mini irin jar nan. Ko ƙwaya kaɗan ce, in gwada a bokiti."

Tahira ta yi murmushi ta ce, "A bokiti? Kubewar Inna ba ta saba da gidan haya ba. Ki riƙe taki mai kama da yatsun tsohuwa, ita ce ta san wahala."

Sauda ta ce to ai dukansu a wahalar suke, har da mai kubewar. Aka sake yin dariya. Atika ta ci gaba da murza ƙuli-ƙulinta. Ba ta sake tambaya ba.

A wannan shekara ruwa ya sauka da wuri, mai yawa, har aka ce damina ta kankama. Tahira ta shuka kashinta na ƙasa. Ya tsiro, ya yi ganye, gwanin sha'awa. Daga nan sama ta ɗauke. Hadari ya taso da yamma, ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi. Gobe ma haka. Rana ta riƙa dukan tsiron har ganyen ya langaɓe. Tahira ta koma ban ruwa da famfo, famfon kuma yau ya zo gobe bai zo ba. Inusa ya ga faktir ya ce mata ta zaɓa, ko su sha ko kubewa ta sha. Ta riƙa tara ruwan alwala da na wankin shinkafa tana zubawa. Bai isa ba. Tsiron ya ƙone tsaye.

Da ruwa ya dawo, ta sauko da gora.

Nan ne mai hankali zai ɗibi rabi ya mayar da rabi. Tahira ta san haka. Amma ta tuna busasshiyar kubewarta ta kusa ƙarewa, ta tuna farashin kasuwa, ta ga lokaci ya tafi. Ta ce bari ta cika filin ko ta mayar da abin da ta rasa. Ta juye gorar kaf, har ta bubbuga gindinta. Toka kawai ta rage.

Shukar ta biyu ta yi kyau fiye da ta fari. Ta yi tsawo, ta fitar da fure ruwan ɗorawa, 'ya'ya suka fara leƙowa jajaye. Tahira ta zaɓi manyan cikinsu ta ɗaure da tsumma don iri. Hankalinta ya kwanta.

Sai watan Agusta ya zo da nasa. Wata safiya ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba har bayan azahar. Layin ya zama kogi. Tahira na cikin ɗaki tana tara kwanoni ƙarƙashin yoyo, ta ji wani nauyi ya faɗi, ƙasa ta girgiza. Katangar baya ce ta jiƙe ta zube, gaba ɗayanta, a kan lambun.

Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni. Amma ruwa ya kwanta a wurin, bai janye ba sai da komai ya ruɓe. Tahira ta shiga caɓi har gwiwa tana tono da hannu. Ta samo wasu daga cikin masu tsumma, ta wanke, ta tsaga. 'Ya'yan ciki farare ne, masu laushi, ba su nuna ba. Duk da haka ta shanya su a faifai. Suka motse suka zama kamar ƙaiƙayi. Ta sa kaɗan a jiƙaƙƙen ƙyalle ta jira. Ko ɗaya bai tsaga ba.

Atika ma ba ta tsira ba. Katangar da ta raba su ma ta zube ta danne bokitanta, ruwa ya tafi da buhunan, har ɗan irin da ta ajiye a gwangwani ya jiƙe ya yi funfuna. A zaman la'asar na bayan nan ba wanda ya yi barkwanci, har Sauda. Kowa na faɗin abin da ruwa ya ci mata, a ce Allah ya mayar da alheri. Ba wadda take da abin da za ta yi wa wata.

Amma tun da babu katanga, Tahira na ganin duk mai shiga gidan Atika. Yau wata ta zo da ƙulli a bakin mayafi, ta ce irin yakuwar da kika ba ni ne bara waccan. Gobe wata ta zo daga Sabon Gari, inda ruwa bai yi ɓarna sosai ba, da busassun kubewa a leda. Wata tsohuwa ta kawo barkono, ta ce ai naki ne, aro na yi. Kafin a jima faifan Atika ya cika da ƙulle-ƙulle.

Ƙofar Tahira kuwa, jaje aka zo yi mata. Jaje kawai. Ba don an ƙi ta ba. Ba wadda take da abin da za ta mayar mata, tun da ba ta taɓa ajiye komai a gidan kowa ba.

Ta hau kabu-kabu ta je Jiratawa wurin masu noman rani. Ta kwatanta musu kubewar, gajera, ja, mai yauƙi. Wani dattijo ya ce ya taɓa ganin irinta yana yaro. Sauran suka nuna mata irin leda mai hoto a jiki, suka ce yanzu shi kowa ke shukawa, don ya fi saurin haihuwa.

Daga nan ta nufi Tsibiri, gidan Kawu Idirisa, ƙanen mahaifiyarta. A hanya tana ta ƙarfafa kanta: Inna ta raba irin nan shekara da shekaru, ba zai yiwu a rasa shi a garin ba.

Ta same shi zaune a gindin bishiyar bedi yana gyaran ƙotar hauya. Bayan gaisuwa da jajen ruwa, ta faɗi abin da ya kawo ta. Tsohon ya ajiye ƙotar. Sannan ya ba ta labari a hankali. Ya ce bayan rasuwar Rahmatu, wasu suka koma irin leda suka bar nata. Waɗanda suka riƙe kuma, fari ya cinye na wasu, gulbi ya cinye na wasu. Na gidansa shi ne na ƙarshe, ɓera ya shiga gorar.

"Da namu ya ƙare," in ji shi, "na ce wa iyali kada su damu, akwai shi wurin ɗiyar Rahmatu a Maradi. Ni na aiko miki, Tahira. Kika ce bana bai yi ba."

Tahira ta sunkuyar da kai.

"Ni ban yi fushi ba," ya ce. "Na ɗauka gaskiya ce. Da kin ba ni ko cikin cokali, yau da kin koma gida da mudu."

Ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa. Ta yi masa sallama da muryar da ita kanta ba ta ji ba.

Da ta dawo gida ta sauko da gorar ta zauna da ita a cinya. Tana nan zaune Atika ta tsallako ta kan ɓaraguzan katanga, da ɗan ƙulli a hannu. Ba ta tambaye ta yadda aka yi a Tsibiri ba, fuskar ta isa amsa. Ta ajiye ƙullin a gefen tabarma.

"Ga yatsun tsohuwa, Yaya," ta ce. "Ba su kai taki ba, amma suna cika tukunya."

Tahira ta ce, "Atika, ni da na hana ki?"

"Ai ba nawa ba ne balle in rama. Nawa ruwa ya tafi da shi. Wannan na mutane ne. In ya yi, ki ba wata."

Da ƙasa ta sha iska Tahira ta shuka. Kubewar ta fito doguwa, siririya, yauƙinta kaɗan. Ranar da aka fara miya da ita, Inusa ya ci tuwonsa, ita kuma ba ta tambaye shi yadda ya ji ta ba. Da 'ya'yan suka bushe ta ɓare su ta kasa uku, kamar yadda aka koya mata tun tana amarya. Ta bi layin gida-gida da ƙulli, har gidan Sauda.

Sai dai abin da take rabawa ba kubewar Inna Rahmatu ba ce. Waccan ta bi hannun uwa da kaka ta tsallake fari da yunwa, ta zo ta ƙare a bayan ɗakin mace guda. Har yau in Tahira ta shiga kasuwa takan tsaya gaban masu kubewa tana juya tarin da yatsa, ko za ta ga mai ja-ja. Masu sayarwa sun saba da ita. Ba su ma tambayar ta ko za ta saya.

Darasi: Abin da ka ɓoye kai kaɗai, ruwan yini ɗaya ya isa ya shafe shi. Abin da ka ba maƙwabci ajiya ce, ranar da taka ta zube zai dawo da ƙafarsa. A wannan zamani da sama ba ta da tabbas, kasuwa kuma ba ta da tausayi, kada ku hana juna iri, ko na shuka ne, ko na sana'a, ko na sani. Nadama ba ta tsiro ko an ba ta ruwa. Ku tura wa 'yan'uwa da maƙwabta su karanta, musamman wanda kuka san yana da gora a rataye.