Askar da Sarki Ya Ji a Mafarki

An yi wani sarki a ƙasar Tsamiya Bakwai, ana ce masa Mainasara, wanda Allah Ya hore wa wata baiwa mai ban al'ajabi: idan ya kwanta ƙailula, yakan farga a cikin barcin cewa mafarki yake yi, har ya riƙa juya al'amura yadda ya ga dama.

Ran nan ya farka firgigit, ya sa aka ɗaure wanzaminsa Tambai, dattijon da ya shekara talatin yana yi masa aski, ya ce a fille masa kai kafin la'asar. Fada ta ɗauki salati. Alƙali Malam Haladu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ko za a sanar da shari'a laifinsa?"

Sarki ya miƙe, ya ce, "Malam, da hankalina garau na gani! Na ce wa kogi ya zama zuma, ya zama, na lasa, wallahi har yanzu zaƙin na bakina! Na ce in tashi sama, na tashi, iska na kaɗa mini rawani, ina hangen rumbunan talakawa! Sai ga Tambai ya ɗora mini aska a maƙogwaro, na ji sanyin ƙarfen, na ji ƙamshin sabulun salo a hannunsa. Abin da ya bayyana haka ƙarara, ai ishara ce."

Alƙali ya ce, "Lalle abin mamaki ne. To, ranka ya daɗe, wa ya mai da kogin zuma?"

"Ni."

"Wa ya ɗaga ka sama?"

"Ni mana!"

"To, a ƙasar da kogi ba ya gudu sai da izininka, wa ya ba Tambai aska? Shi dai a lokacin yana bakin kasuwa yana yi wa wani ƙaho. Wanda ka gani, zuciyarka ce ta ƙera shi."

Kai, kunya ba ta san sarauta ba! Sarki ya sunkuyar da kai, ya tuɓe rawani, ya ce a kwance Tambai ya zo ya yi masa aski nan take.

Tambai ya durƙusa da hawaye, ya ce, "Zaki, hannuna rawa yake."

Sarki ya miƙa wuya, ya ce, "Ni na sa shi rawa. Aske."

Ya ba alƙali alkyabba da doki, ya ba Tambai gona. Masu hikima suka ce, adalci ba ya karɓar shaidar da mai ƙara ya haifa a cikin zuciyarsa.