Sifirin Mai Tauri a Babur ɗin Alhaji Boukari

Akwai wani matashi a Wagadugu mai suna Rasmane, haifaffen unguwar Zango, ma'aikaci a wani ofishin inshora. Ya yi boko sosai, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan. Ko ƙarfe nawa ka tambaye shi, sai ya amsa da Faransanci tukuna, sannan ya fassara maka.

Mahaifinsa, Alhaji Boukari, ya rasu ya bar masa tsohon babur, jar Honda ƙirar shekarun saba'in. Injin lafiya lau yake, gaban ne ya gaji. A cikin ƙafafun ƙarfe biyu da ke riƙe da tayar gaba akwai sifirin guda-guda, waɗanda makanikan garin ke kira rasor. Su ke shanye duka idan taya ta faɗa rami. Na wannan babur sun kusa shekara talatin suna aiki, har sun tsuke sun gajarce. Da an taɓa birki sai gaban ya durƙusa, ka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe.

A ƙarshen 2003 aka rushe yawancin gidajen Zango, maƙwabta suka watse. Rasmane da mahaifiyarsa, Hajiya Maimunatu, wadda yake kira Umma, suka koma filin da aka ba su a bayan gari. Daga gidan zuwa kwalta kilomita huɗu ne na jar tsakuwa mai gargada, kuma tasi ba ta shiga.

Ba gidan da aka rushe ne ya fi damun Umma ba. Rabuwa da maƙwabciyarta Indabo ce. Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninsu, har suka gaji da zagaye suka huda ƙofa a jikinta. A rikicin kwashe kaya ko sallama ba su samu sun yi ba.

Wata Litinin wani direba ya kawo saƙo. Indabo tana unguwar Dassasgho a gidan ƙanin mijinta. Ranar Asabar da hantsi motar kaya za ta kai ta ƙauyensu can bayan Tawa a Nijar, kuma tafiyar ba ta dawowa ba ce. Idanunta sun yi rauni, ba za ta iya zuwa da kanta ba.

Umma ta kira ɗanta ta ce, "Ka kai ni mu yi sallama, mu yafi juna. Shekara talatin ba a rasa abin da aka yi wa juna. Ba na son ta tafi da nauyina, ni ma in zauna da nata."

Rasmane yana son mahaifiyarsa, wannan ba wanda zai musa. Ya san tana fama da ciwon baya, kuma babur ɗin a yadda yake zai jijjiga ta. Sai ya ce ta ba shi kwana biyu ya gyara gaban, ranar Asabar da sassafe su tafi.

Washegari ya nufi tsohuwar unguwarsu wurin Ɗan Malam, dattijon makanike ɗan asalin Nijar, wanda tun zamanin Alhaji shi ke taɓa wannan babur. Rumfarsa na ƙarƙashin wata darbejiya a bakin kangon gidajen da aka rushe, bai kai ga tashi ba.

Bayan gaisuwa Rasmane ya ce, "Bon, Baba, rasor nake so a canza. Amma mai ƙarfi, wanda ya fi kowanne ƙarfi."

Ɗan Malam ya danna gaban babur ɗin sau biyu, ya saki. Ya ce, "Wa za shi hau? Kuma wace hanya za ku bi?"

Da ya ji amsa, sai ya bayyana yadda yake aikinsa. Yana da sifirin kala uku, mai laushi da matsakaici da mai ɗan tauri. Zai sa kala ɗaya, ya yanko siririyar roba daga cikin tsohuwar taya ya ɗaura a jikin ƙafar gaba. Rasmane zai hau, a ɗaure rabin buhun masara a baya a madadin Hajiya, ya zagaya ta kan ɓaraguzan layin ya dawo. Inda robar ta tsaya shi zai nuna iyakar nutsewar gaban. Idan ta hau har ƙarshe, sifirin ya yi laushi. Idan da kyar ta motsa, ya yi tauri. A haka za a gwada har a samu na daidai.

Rasmane ya ji abin ya yi masa ƙauyanci. Roba da buhun masara, a ƙarni na ashirin da ɗaya? Kuma wai mahaifiyarsa ce za a kwatanta da rabin buhu. Ya ce shi ya karanta a wata mujallar Faransa cewa sifirin mai tauri shi ne na zamani, ba ya durƙusa ko an taka birki da ƙarfi. Abin da bai lura da shi ba, mujallar kan babura masu tsere a kwaltar Turai take magana.

Ya tafi wani shagon kayan gyara ya ce a ba shi mafi kauri. Mai shago ya fito masa da na wani ƙaton babur da ya ninka nasa nauyi. Mai shago dai sayarwa ya fito yi, bai tambaye shi komai ba.

Da ya kawo su, Ɗan Malam ya jera su kusa da tsofaffin, ya ga sun ɗara su tsawon yatsa uku. Ya mayar masa da su cikin takardarsu.

"Ɗana, ba ni sa wannan ga moton Alhaji. Kai ko kilo sittin ba ka kai ba. In ka goya Hajiya, nauyi baya za shi koma, gaba shi yi sakayau. Bisa gargada taya za ta riƙa tsalle, kuma tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin kwana."

Rasmane ya yi wata magana da Faransanci, wadda ma'anarta ita ce duniya ta wuce wurin. Dattijon ya ji sarai, don shekara arba'in yana garin, ya ci gaba da aikinsa.

A unguwar Gounghin ya samu garejin da aka sa masa su. Sai da mutum uku suka taru suka danne sifirin ɗin kafin murfin ƙafar ya yarda ya rufu. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani, shi kuwa Rasmane sai ya ɗauka alamar inganci ce.

A kan kwalta abin ya yi daɗi, gaskiya. Ya taka birki, gaba bai durƙusa ba. Har ya bi ta gaban rumfar Ɗan Malam ya ja birki da gayya. Dattijon ya ɗaga masa hannu ya ce ya gwada shi a kan gargada kafin Asabar.

Ya kuwa gwada, don hanyar gidansa ce. Ranar Juma'a da yamma kan babur ɗin ya riƙa fizgar hannuwansa har kafaɗunsa suka yi tsami. Ya ji a ransa akwai matsala. Amma komawa wurin tsohon yana nufin ya ce ya yi kuskure, sai ya gaya wa kansa sabon abu ne, zai saki.

Asabar da safe Umma ta shirya tun kafin rana ta ɗaga, ta rungumi kwanon dambun naman da ta yi wa Indabo na guzuri. Ta hau ta zauna a karkace kamar yadda ta saba a bayan mijinta. Suka kama hanya a hankali.

Ba su yi kilomita biyu ba suka iso kwanar famfon unguwa. Wani amalanken jaki ɗauke da durom na ruwa ya fito daga gefe. Rasmane ya taɓa birkin gaba daidai lokacin da tayar ta yi tsalle. Ta sauka a karkace kan tsakuwa, ta zame, babur ya kwanta da su.

Ba gudu yake yi ba, shi ƙujewa kawai ya yi a gwiwa. Umma ce ta tare ƙasa da hannunta na dama. Matan da ke famfo suka rugo suka ɗaga ta, dambu ya watse cikin jar ƙasa.

Abin da ta fara cewa shi ne, "Tayar da moton mu tafi, za su tashi."

Amma tsintsiyar hannun ta riga ta kumbura ta karkace, kuma da ta miƙe jiri ya ɗebe ta. A kan wannan amalanken aka kai ta ƙaramin asibitin da ke bakin kwalta. Karaya ce. Kafin layi ya zo kanta a ɗaure hannun, an yi kiran azahar.

Rasmane ya ari babur ɗin wani maƙwabci ya ruga Dassasgho shi kaɗai. Ya tarar da ƙofar gida ba mota. Ƙanin mijin Indabo ya shaida masa cewa tsohuwar ta tsayar da direba kusan awa biyu. Tana zaune kan ƙunshin kayanta a bakin ƙofa, duk ƙarar babur da ta ji sai ta tambaya ko Maimunatu ce. Da direba ya ce rana na yi, sai ta bar saƙo: a gaya wa Maimunatu ta yafe mata duniya da lahira, ita ma ta yafe mata.

Shi ya kawo saƙon gida da bakinsa. Umma ta saurara, ta ce ta yafe, sannan ta juya fuskarta bango. Ba ta yi masa faɗa ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi masa zafi.

Ranar Litinin ya tura babur ɗin har Zango. Ya durƙusa gaban Ɗan Malam ya ce, "Baba, na yi kuskure. Yadda ka faɗa haka ya faru." Wannan karon da Hausa zalla ya yi maganar.

Dattijon ya tambayi jikin Hajiya, ya yi mata addu'a, ya ɗauko sifana. Aka ɗaura roba, aka ɗora rabin buhun masara, Rasmane ya zagaya ɓaraguzai. Kala na farko ya yi laushi, robar ta hau har ƙarshe. Matsakaicin ne ya dace. Aka zuba sabon mai a ƙafafun aka rufe. Duka aikin awa biyu ya ci.

Daga ranar babur ɗin ya riƙa bin gargada lafiya, tayar gaba manne da ƙasa. Bayan mako shida aka kwance wa Umma hannu. Wata Juma'a Rasmane ya wanke babur ɗin tas, ya kawo shi ƙofar ɗakinta.

"Umma, moto ya gyaru yanzu, ko kaɗan ba ya jijjiga. Ki shirya in kai ki unguwa."

Ta leƙo ta dubi babur ɗin, ta dube shi. Ta ce, "Allah ya yi albarka, Rasmane. Amma wurin wa za ka kai ni?"

Darasi: Abu mafi ƙarfi ko mafi sabo ba shi ne mafi dacewa ba. Kafin ka zaɓa, ka duba wa zai yi amfani da shi, kuma a wace hanya. Idan wanda ya daɗe a sana'a ya tsaya yi maka tambayoyi, kada karatunka ya sa ka raina shi. Idan kuma ka ji a ranka ka yi kuskure, ka koma tun da sauran lokaci, domin girman kanka wani na kusa da kai ne zai iya ɗaukar raunin. Babur yana gyaruwa, amma akwai ranar da ba ta dawowa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san ba ya jin shawara.