Manomin da Ya Ce Da Sauƙi

Akwai wani manomi wanda ya hau rumbunsa zai yi masa jinka, sai ya zame ya faɗo, ƙafarsa ta dama ta karye. Aka kai shi asibiti a wani babban gari mai nisa. Likita ya ɗora ƙashin, ya ba shi sanduna biyu, ya ce masa, "Wata uku kada ka taka ƙasa da ita. Ka nemi ɗaki a nan kusa, kana zuwa duk mako muna ganinka. In ka kiyaye, za ka koma gida kafin ruwan shuka."

Mutumin kuwa ba abin da ke ransa sai ruwan shukan nan, gama gonar ce abincin gidansa, ba shi kuma da wanda zai shuka masa. Ya kama ɗaki ya zauna, shi da bango suna kallon juna.

Da aka yi wata biyu, matarsa ta zo duba shi tare da mahaifinta, wani tsoho da bai taɓa shiga babban gari ba. Tsohon ya zauna ya ce, "Ɗana, yaya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi, Baba."

Ku kun san amsar nan. Mutuminmu ko yana bakin kabari, in ka gaishe shi da jiki, da sauƙi zai ce maka. Balle a gaban suruki.

Tsohon ya ce, "To, madalla. Tun da da sauƙi, gobe sai ka zaga da mu gari, in sami abin faɗi in na koma."

Kashegari suka shiga mota, suka ga babbar kasuwa. Suka je gidan namun daji, inda tsohon ya daɗe a gaban kura, ya ce ta dajinsu ta fi wannan ƙiba. Daga nan suka zo wani dutse mai matakala, wanda in ka hau kansa kana hangen garin duka. Matar ta matso ta ce a hankali, "Maigida, ka zauna a nan ƙasa, mu hau mu dawo."

Tsohon ma ya waiwayo ya ce, "Anya za ka iya, ɗana?"

Mutumin ya dubi tsoho mai furfura yana tattare riga zai hau, ya dubi inuwar da mata masu sayar da gyaɗa suke zaune. Kunya ta kama shi. Ya ce, "Ba komai, Baba."

Matakalar kuwa matsattsiya ce, sandunan ba su da wurin tsayawa, dole ya taka da ƙafar. Bai kai rabi ba ya ji wani abu ya motsa a ciki, zufa ta karyo masa. Ya cije, ya kai sama, har ya nuna musu madatsar ruwa da rufin asibiti. Tsohon ya ji daɗi ƙwarai. Bayan kwana biyu shi da 'yarsa suka koma gida da labari mai kyau.

Ranar zuwa asibiti, likita ya ce, "Yaya ƙafa?" Ya ce, "Da sauƙi, likita." Mako na gaba ma haka, na gaba ma haka, alhali barci ya gagare shi. Da wata uku ya cika aka ɗauki hoton ƙafar. Likita ya duba ya ce, "Malam, ni ba gaisuwa nake yi maka ba, tambayarka nake yi. Ƙashin ya goce tuntuni. Da ka faɗa mini a makon da ya goce, da na mayar da shi da hannu. Yanzu ya haɗe a karkace, sai an sāke karya shi."

Aka sāke karya shi. Yana kwance a gadon asibiti ruwan shuka ya sauka. Shekarar nan ciyawa ce ta ci gonarsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin nan ni ne da ku. Karayar ita ce abin da yake damunmu a ɓoye, ko zunubin da muka koma ciki, ko baƙin ciki, ko bangaskiya da ta yi sanyi. Dutsen shi ne kayan da muke ɗauka fiye da ƙarfinmu don kada a raina mu. Tsohon ba shi da laifi, abin da aka faɗa masa shi ya ɗauka. Haka 'yan'uwa a cikin ikilisiya, ba za su ɗauke maka nauyin da ka ce babu ba.

Likitan kuwa Ubangiji ne. Abin da yake ba ni tausayi shi ne, yawancinmu addu'ar gaisuwa muke yi masa. Mu durƙusa, mu yi godiya, mu tashi da ciwonmu. Gaisuwa ba laifi ba ce, a ƙofar majami'a ku amsa ta yadda iyayenku suka koya muku. Amma in kun zo gaban Ubangiji, ko wani ɗan'uwa ya ja ku gefe ya sāke tambaya da gaske, ku nuna inda yake ciwo. Ubangiji zai gyara ko yau ko daga baya, gama shi mai jinƙai ne. Sai dai gyaran yau da hannu ne, na daga baya kuwa sai an sāke karyawa.