Hoton Dutsen Inna Hadizatu

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Talata Mafara, sunansa Yunana. Lokacin ana gina madatsar Bakolori ne. Shekarar ta kwanta mini, amma labarin yana nan.

Wata rana wata tsohuwa, Inna Hadizatu, ta same shi a shago. Ƙauyensu na gefen Maradun yana cikin waɗanda ruwa zai cinye.

Ta ce, "Ɗana, akwai dutse bayan gidanmu. In kaka ta yi, ganyen marke na kansa yakan koma rawaya da ja. Kakar bana ce ta ƙarshe. Ina son in tashi da shi a hoto."

Fim mai kala a Kaduna ake samunsa, kuma ɗauka uku ta rage wa Yunana. Ya duba ɗan littafinsa, ya ga ranar da ganye ya juya bara. Ranar na zagayowa ya hau babur.

Ya tarar da dutse kore shar. Wani makiyayi, Bappa, yana jingine da sanda a gindin gawo.

Bappa ya ce, "Mai hoto, ka yi sammako. Ruwan bana ya daɗe. Jira wanga gawo ya tofo, sannan marke ya juya."

Yunana ya yi dariya. "Baba, itace ya san kalanda?"

"Bai sani ba. Kai da ka sani, mi ka samu?"

Bayan mako ɗaya, ko biyu ne, ya komo. Ganye bai juya ba, amma don kada Bappa ya yi masa dariya, ya ɗauki biyu. Saura ɗaya.

A karo na uku ya kashe babur, ya durƙusa ya gaida Bappa har da tambayar shanu. Ya ce, "Baba, na aje littafi."

Kwana tara bayan haka direban motar kasuwa ya leƙo shago: "Bappa ya ce gawo ya tofo."

Yunana ya isa da hantsi. Dutse ya yi rawaya da ja, gawo kore a gindinsa. Ya danna sau ɗaya.

Da hoton ya dawo daga wanki, Yunana ya kai mata. Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Shi ne. Amma wane ne wanga da sanda ya tare mini gawo?"

Bappa da ke gefe ya ce, "Ladan aikina ne, Inna."

Da hoton ta tashi. Yana rataye a ɗakin jikokinta har yau.

Darasi: Kada iliminka ya hana ka tambayar wanda ya daɗe yana kallon abu. Ku tura wa 'yan'uwa su amfana.