Laifin Da Aka Ɗora Wa Hannun Baba

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da kowa ke kira Injiniya. Ya iya aikinsa, wannan ba mai ƙwace masa, sai dai bakinsa ya fi hannunsa sauri. Duk wanda ya kawo masa kwamfuta yana kukan abubuwansa sun ɓace, sai ya sha faɗa kafin a duba masa: me ya hana ka kwafe su ka ajiye a wani wuri?

Mahaifinsa tsohon direban jirgin ƙasa ne. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, hannun dama ya yi nauyi, yatsun suna rawa. Likita ya ce maganin hannun shi ne a yi ta sa shi aiki. Baba kuwa ya ƙi matsa ƙwallon robar da aka ba shi, ya ce shi ba yaro ba ne.

Injiniya ne ya samo dabara, a nan kam a yaba masa. Ya ɗora kwamfuta a teburin gefen gado, ya sa wasan gina gari da shimfiɗa layin dogo. Da Baba ya ce jiragen ciki ba su kama da na gaske ba, sai ya sauko masa da mod, wato ƙarin da masu son wasa ke haɗawa da kansu a liƙa wa wasan. Ɗaya ya kawo tsoffin injuna, ɗaya tashoshi, wani kuma gadojin ƙarfe.

Baba ya kama wasan hannu bibbiyu. Wata da watanni yana jan maus, wato linzamin kwamfuta, da wannan hannun mai rawa, yana shimfiɗa irin layin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kai, kwana bayan kwana, tasha bayan tasha. Auta, ƙanwar Injiniya da ke kula da shi, har tsokanarsa take yi wai ya koma bakin aiki ba albashi. Hannun da ya kasa riƙe cokali ya fara kai abinci baki.

Sai wasan ya fara tsayawa cak yana rufe kansa. Baba ya yi ƙorafi, Injiniya ya leƙo wata Asabar da rana. Ya tarar da tsohon ya yi barci a jingine, hannunsa kusa da maus. Bai tashe shi ba, ya ja kujera ya zauna.

Ya san abin yi. Idan mod ya fara rigima, kashe su ake yi ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin. Ya kuma san cewa kafin a taɓa komai, sai an kwafe fayil ɗin ajiya, wanda duk ginin Baba ke ciki. Akwai filas, ɗan abin da ake kwafe fayil a ciki, a aljihunsa. Amma a ransa ya ce wannan ai aikin yara ne, shi da ke ceto kwamfutocin kamfanoni.

Ya kashe mod ɗin duka lokaci guda, ya buɗe garin Baba. Wasan ya fito da gargaɗi cewa abubuwa da yawa za su ɓace. Ya danna a ci gaba ko gama karantawa bai yi ba, don dai dubawa kawai zai yi ya fita.

Nan wayarsa ta yi ƙara. Wani abokin ciniki ne. Ya fita baranda don kada ya tashi Baba, hira ta yi daɗi, har da ba mutumin shawarar ya riƙa kwafe abubuwansa. Shi kuwa wasan yana can yana ajiye kansa da kansa, sabuwar ajiya tana hawa kan tsohuwa.

Da ya dawo ya kalli allon, sai ya ga ɓarna. Gidaje na nan, tituna na nan, amma babu layi, babu tasha, babu jirgi ko ɗaya. Ya mayar da mod ɗin, ya sake buɗewa. Fili fetal. Ya duba kwandon sharar kwamfutar, ya duba ajiyar da wasan ke yi da kansa, duk an rubuta sabo a kai. Aikin gama ya gama.

Ya kalli Baba yana barci. Abin da ya kamata ya yi, wato faɗin gaskiya, bai fi ƙarfinsa ba, amma wanzami ba ya son jarfa. Ya mayar da kujera inda take, ya leƙa kicin ya ce wa Auta zai dawo ya duba wasan idan Baba ya tashi, ya sulale.

Da yamma Auta ta kira shi. Ta ce Baba ya farka ya ga komai ya tafi, ya ce hannunsa ne ya danna wani abu cikin barci.

"Yaya, ko akwai yadda za a yi a dawo da shi?"

Injiniya ya ce zai duba. Ya ƙara da cewa irin wannan na faruwa. Da ya kashe wayar ya ji ya tsani muryarsa.

Ya ɗauka Baba zai yi fushi kwana biyu ya manta. Ba haka aka yi ba. Tsohon ya sa aka ɗauke kwamfutar daga ɗakin. Ya daina ɗaukar cokali, ya koma Auta ke ba shi a baki. Hannun ya tura shi ƙarƙashin bargo ya bar shi can. Likita ya ce yatsun sun fara sanƙarewa, idan aka ci gaba a haka duk wahalar baya ta tafi a banza.

Injiniya ya rage zuwa gidan, kunya ta hana shi. A shago ma ya daina yi wa mutane faɗa, idan ya buɗe baki sai maganar ta maƙale.

Ran da ya daure ya je, ya tarar Auta na ba Baba shayi. Baba ya ce masa ya zauna, sannan ya ce:

"Ka yi haƙuri, Injiniya. Ka sha wahala ka haɗa mini abu mai kyau, wannan hannun banzan ya rushe shi. Ku daina ɓata lokacinku a kaina."

Da ƙasa za ta tsage, da ya shige. Mahaifinsa ne ke ba shi haƙuri a kan ɓarnar da shi ya yi. Ya zame daga kujera ya durƙusa gaban gadon.

"Baba, ba hannunka ba ne. Ni ne. Na taɓa wasan kana barci, ban kwafe ba, na ga ya lalace na gudu."

Auta ta ajiye kofin ta zuba masa ido. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Baba bai yi faɗa ba, bai tambayi ko jiragen za su dawo ba. A hankali ya zaro hannun daga ƙarƙashin bargo, ya ɗaga shi yana rawa, ya kalle shi kamar wanda ya ga ɗan'uwan da suka daɗe ba sa magana.

"Ashe zaluntarka na yi," ya ce wa hannun.

Sannan ya miƙa shi wajen Auta ya ce ta ba shi kofinsa. Yatsun suka ƙi rufuwa sosai, shayin ya zuba a bargo, amma bai saki ba. Injiniya na durƙushe ya kasa ɗaga kai.

Darasi: Ƙwarewa ba ta ɗauke wa kowa taka-tsantsan, kafin ka taɓa abin wani ka tabbatar za ka iya mayar da shi yadda yake. Idan kuma ka yi ɓarna, faɗi da bakinka tun da wuri, don laifin da ka ɓoye ba ya ɓacewa, kan wanda bai ji ba bai gani ba yake sauka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke ɗauke da laifin da ba nasa ba.